Bashin da Ya Kai Ni Ruga

Duk wanda ya ce maka gyaran babur ne sana'ar makanike, rabin magana ya faɗa maka. Gyara ai ba wuya: ka kwance, ka duba, ka sauya abin da ya mutu, ka ɗaure, ka wanke hannu. Abin da ke sa wa mutum furfura tun bai isa ba shi ne bin kuɗin gyaran. Na daɗe a gindin bishiyar bedin nan da ke bakin hanyar Dungas, a Magarya, daga ni sai bencina da akwatin kayan aikina. Ba ni da ubangida, ba ni da albashi, abin da hannuna ya samo shi ake ɗorawa a murhu. Saboda haka in mutum ya hau babur ɗinsa ya ce mini sai ya dawo, tukunyar gidana ya tafi da ita.

Masu cin bashina iri-iri ne, kuma na san su kamar yunwar cikina. Manomi zai ce sai kaka, kuma don Allah yawancinsu in kakar ta zo za ka gan su da gero ko gyaɗa a amalanken jaki, har da ɗan wake na kyauta a kai. Ma'aikaci zai ce sai ƙarshen wata, sai ka rasa wane irin wata ne nasa da ba ya ƙarewa. Ɗan kabu-kabu kuwa cewa zai yi bari ya sauke mutum ɗaya ya dawo yanzun nan, ba za ka sake ganinsa ba sai bayan Sallah, da sabuwar hula a kansa.

Ni mutum ne mai zuciya a kusa, da farko faɗa nake yi. Na lura faɗa ba ya kawo ko dala, sai dai ya ba mai bashi hujjar yin fushi, ya ce tun da an ci masa mutunci ba zai biya ba. Sai na sauya dabara. In mutum ya ƙi biya, da safe nake zuwa ƙofar gidansa in yi sallama, in zauna a dakali. In gaishe shi, in tambayi iyali, in tambayi tsohuwa, in tambayi gona da awaki. Maganar kuɗi ko kusa ba na yi. In gaisuwa ta ƙare sai in sake ta daga farko. Ina nan zaune da rigar aikina mai baƙin mai, har maƙwabta su fara leƙowa suna tambayar ko lafiya. Ban taɓa ganin mai mutuncin da ya jure wa wannan zama sau da yawa ba.

Mutum ɗaya ne dabarata ba ta da amfani a kansa, shi ne kuma wanda nake so in ba da labarinsa.

Mu asalinmu Barebari ne. Barbarcin dai ban iya ba sai gaisuwa, da Hausa na tashi, amma tsagar gidanmu tana nan a fuskata, ba ta ɓoyuwa. Kowa kuwa ya san abin da ke tsakanin Barebari da Fulani: wasa ne tun na kaka da kakanni. Kowanne cewa yake ɗan'uwansa bawansa ne, har yau ba a raba gardamar ba. Ka faɗa wa abokin wasanka duk abin da ya zo bakinka, a kasuwa ko a gidan biki, shi ma ya rama. Doka ɗaya ce, ba a fushi. Wanda ya yi fushi shi aka kayar.

Wata rana da hantsi sai ga wani dogon Bafulatani, siriri, da malafa a ka, yana turo babur yana haki, sandar kiwonsa a ɗaure a gefen babur ɗin. Ya tsaya ya ƙare wa fuskata kallo.

Ya ce, “Kai, ina mai wurin nan?”

Na ce, “Ga ni.”

Ya ce, “A'a, maigidan nake tambaya, ba bawa ba. Yaushe aka fara barin Babarbare da ƙarafa ba mai tsaronsa?”

Masu zaman benci suka fashe da dariya. Na ajiye abin da ke hannuna na ce, “Fillo, wa ka sace wa moto? Ko an ce maka in ka kai shi rafi zai sha ruwa ya tashi?”

Daga ranar ban sake kiransa da wani suna ba sai Fillo, shi ma bai sake kirana da wani suna ba sai bawa. Da na duba babur ɗin na tarar tun da ya saye shi bai taɓa juye masa baƙin mai ba. Na yi masa bayani, ya saurara da kyau, sannan ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin an sauya wa saniya jini ba, wannan dabarar Barebari ce ta cin kuɗin mutane. Amma ya biya.

Kullum yana biya, sai dai ba ya biya cikin daɗin rai, don a wurinsa hakan zubar da girma ne. Sai ya yi ciniki a kan dala goma kamar ransa zai fita, ya kira ni ɓarawo, ya kira masu wucewa su shaida zalunci, sannan ya cusa mini kuɗin a aljihu ya ce in je in sayi sabulu. In mako ya zagayo kuma sai ga shi da ƙwaryar nono da ɗan man shanu daga matarsa, ya ce a kai gida bayi su ɗanɗana abincin 'ya'ya. Ta haka matata da tasa suka ƙulla ƙawance, wannan ta aika da nono, waccan ta mayar da ƙwarya da daddawa da kuka. Ranar sunan 'yata ta biyu, tun daga rugarsu can bayan Dogo-Dogo ya zo, ya zauna a tsakiyar malamai, ana gama addu'a ya ɗaga murya ya ce jama'a su taya shi murna, dukiyarsa ta ƙaru da baiwa guda. Surukina ya yi dariya har ya ƙware da goro.

Ba zan ɓoye ba, ranar da na jiyo ƙarar babur ɗinsa daga nesa, sai in ji gajiyata ta ragu. Wani lokaci tun da safe nake tanadin abin da zan faɗa masa.

Sai aka yi wata shekara da bazara ta yi tsawo. Ciyawa ta ƙare a daji, harawa ta yi tsada, makiyaya suka koma sayen dusa. Fillo ya mai da babur ɗinsa jaki. Ya ɗaura buhu a kan buhu daga kasuwar Magarya, ya zauna a kan tanki, ya keta rairayin nan cikin zafin rana. Na gaya masa ƙarfe ma yana gajiya, ya ce bawa ba ya ba ubangida shawara. Ba a jima ba aka kawo babur ɗin kwance a amalanke, inji ya buga.

Da na buɗe shi sai da na yi salati. Kusan duk abin da ke ciki ya ƙone, sai an sauya. Kayan kuwa daga Najeriya ake kawo su, shekarar kuma sun yi tsada. Akwai wani Alhaji a cikin kasuwa da nake ɗaukar kaya a shagonsa, in na yi aiki in kai masa kuɗi. A wurinsa na karɓo komai da sunana, don na san Fillo ba shi da abin bayarwa a lokacin, ba shi kuma da wata hanyar kai wa shanunsa abinci. Aiki ne mafi girma da na taɓa yi wa mutum bashi.

Ranar da Fillo ya zo ɗauka, ya taka babur ɗin ya tashi da bugu ɗaya. Ya ce, “To, ashe kana da amfani. Ka yi haƙuri ruwa ya sauka, shanu su yi ƙiba, in sai da bijimi guda in biya ka. In ka yi ladabi har 'yanta ka zan yi.”

Na ce, “Tafi can, ka ci bashin ubangidanka kana cika baki.”

Ruwa ya yi jinkiri. Da ya tashi zuwa kuma sai ya zo da ƙarfi da sanyi, shanun da yunwa ta riga ta cinye suka riƙa kwanciya ba sa tashi. A bakin mutane na ji labari, ana cewa rugagen wajen Dogo-Dogo da Guci sun yi asara mai yawa. Na tambayi na Fillo, wanda na tambaya ya girgiza kai kawai.

Damina ta yi nisa sannan ya zo. Ya kashe babur tun daga nesa, ya sauka, ya tako da ƙafa. Ya cire malafa. Ya miƙo mini hannu biyu.

“Salamu alaikum. Ina wuni, Malam? Ina gajiya? Ya iyali? Lahiya lau suke?”

Wallahi sai da na waiwaya in ga ko da wani yake. Ba kowa a bayana sai bedi.

Na ce, “Fillo, wa ya sace maka harshe? Ko saniya ce ta lashe shi?”

Ya ɗan yi murmushi, idonsa a ƙasa. Ya ce, “Haƙuri za ka ƙara, Malam. Ina sane da kai.”

Na yi masa jaje, ya amsa. Na sake jefa masa wata maganar, irin wadda a da sai ya yi tsalle ya rama, ya ce mini gaskiya ne. Ya mai da malafarsa, ya tura babur sai da ya yi nisa da ni sannan ya tayar. Ni kuwa na kasa ci gaba da aikin da ke gabana.

Daga nan ya daina bi ta gabana. In zai shiga kasuwa sai ya zagaya ta bayan gari. Na hange shi sau ɗaya a kasuwar Guci, muka haɗa ido, ya sulale ya shige cikin masu sayar da jakuna. Aka gaya mini ko faci zai yi sai ya kai Dungas. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma na ga yadda yake sauya mutane: wani ya koma maƙaryaci, wani ya koma mafaɗaci. Amma ban taɓa ganin wanda ya mai da shi mai ladabi irin haka ba, ban kuma taɓa jin ladabin da ya yi mini ciwo kamar nasa ba. Kuɗina ina so, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai abin da ke cin raina shi ne, na gyara inji na rasa mutum. Yaya za ka je ka yi zaman dakali da doguwar gaisuwa ga wanda ya riga ka fara gaisuwar?

Ana cikin haka Alhaji mai shago ya fara ziyartata. Da safe sai ga shi da carbinsa, ya zauna a bencina, ya tambayi iyali, ya tambayi tsohuwa, ya tambayi kasuwa. Maganar kuɗi ko kusa bai yi ba. Ran nan na san ashe zaman nan da zafi yake. Na rage masa abin da na iya daga wasu ayyukan, amma babban yana nan, ya kuma nuna mini a fakaice cewa ba zan sake ɗaukar kaya ba sai an share na baya.

Matata ce ta gaji da ganina ina juya tuwo a kwano. Ta ce, “Malam, tashi ka je rugar nan. Kai da kake bin ma'aikata har ƙofar gida, Bafulatani ɗaya ya gagare ka?”

Na ce, “Ba ki ga yadda yake gaishe ni ba ne.”

Ta ce, “To shi ya sa. Ƙaya ce a ƙafarsa, kunya ba za ta bar shi ya zo a cire ba. In ka samo kuɗi, alhamdu lillahi. In ba ka samo ba, ka samo mini labarin ƙawata, ƙwaryarta tana nan tun bazara ban ga mai mayarwa ba.”

Ta ɗaure mini ƙwaryar a ɗankwali, da sukari da ganyen shayi da sabulu a ciki.

Bayan an gama girbi na tafi. An kwashe gero, gonaki sun buɗe, dabbobi na kiwo a cikin kara. Na wuce Dogo-Dogo na bar babbar hanya, na bi sawun amalanke ina tambaya, don ruga ba ta zama wuri ɗaya. Hanya duk ina shirya abin da zan ce, ban samu ko ɗaya da ya gamshe ni ba. Rana ta ɗaga sosai na isa.

An karɓe ni kamar wani babban baƙo, abin da na fi tsoro ke nan. Fillo ya shimfiɗa mini sabuwar tabarma a inuwa, shi ya tsuguna a ƙasa can gefe. Ya aika aka kira yayansa, wani dattijo mai farin gemu da ba ya yawan magana, ya zo ya zauna kusa da ni. Matar Fillo ta kawo fura ta durƙusa, ta karɓi saƙon ƙawarta da hannu biyu tana sa albarka. Furar ruwa ya fi nono yawa a cikinta, a gidan da a da sai ka yi da gaske ludayi ke nutsewa. Na sha, na yaba. Malam ya hanya, Malam ya aiki, Malam ya mutanen gari. Kowane Malam ya fito bakinsa sai in ji kamar ya tsinka mini mari.

Da aka gama gaishe-gaishe ya miƙe ya ce, “Malam, taso ka gani.”

Muka bi shi ni da dattijon zuwa bayan bukkoki. Na san garken nan a da. In ya taso daga kiwo sai mai babur ya tsaya ya kashe inji ya jira su wuce. Yanzu abin da ya rage, da yatsun hannu za ka ƙirga su ka yi saura. Ya je wurin wata farar saniya mai dogon ƙaho, ya ɗora hannu a tozonta, ta juyo tana shinshinar rigarsa.

Ya ce, “Wannan ce ta rage mai nono. Sauran ba su kai a kalle su a kasuwa ba. Ka tahi da ita, ko in kai ta Guci ran kasuwa in kawo maka kuɗin. Ta fi abin da kake bina, na sani, amma ba ni da wadda ta yi daidai.”

Muryarsa ba ta yi rawa ba, Bafulatani ne. Matarsa na hango tsaye a bakin bukka, ta juya mana baya tana goge ƙwaryar da ba ta da datti.

Na tsaya ina lissafi a zuci. In na karɓi saniyar nan, Alhaji zai samu kuɗinsa, Fillo zai fita kunyata, amma ɗan nonon da ake diga wa furar yaran gidan ya tafi ke nan, ni kuma ba zan sake shan nono ya wuce mini maƙogwaro ba. In kuwa na ce na yafe, na gama da shi. Bafulatani ya karɓi sadaka a hannun Babarbare, gaban yayansa da matarsa? Zai gode mini, zai yi mini addu'a, kuma zai kira ni Malam har ranar da za a kai ɗayanmu kushewa. Alhaji dai na san shi, zai yi faɗa ya haƙura, shi ma akwai mai zama masa a benci.

Can gefe sai na ga ɗan maraƙinta ɗaure a dangwali, igiyar da ake ɗaure maruƙa, ɗan firit da shi, ƙafafu kamar sillen kara, kunnuwa sun fi kan girma.

Na gyara tsayuwa, na zagaya saniyar kamar yadda nake zagaya babur ɗin da aka kawo sayarwa. Na leƙa nan, na leƙa can, na taɓe baki.

Na ce, “Haba Fillo! Halinku dai ba ya sauyawa. Na yi maka aiki da sabbin kaya fil, ka rasa abin da za ka biya ni da shi sai wannan tsohuwar? Injinta ya gaji, ga ƙafar baya a karkace. Kafin mu kai Dogo-Dogo ta mutu a hannuna, ka ce ka biya.”

Ya ce a hankali, “Ba tsohuwa ba ce, Malam.”

Na ƙara ɗaga murya yadda na bukka za su ji. “Ni za ka koya wa sanin tsohon kaya? Ba na so. Sabo nake so, ɗan kwali. Wancan zan ɗauka.” Na nuna maraƙin.

Ya dubi maraƙin, ya dube ni. Ya ce, “Wancan bai kai rabin kuɗinka ba.”

Na ce, “Wa ya tambaye ka? Ubangida ke yanke farashi ko bawa? Na ce ya kai, ya kai.”

Dattijon ya shafa gemu, ya yi gyaran murya. Ya ce, “Sai dai fa bai isa yaye ba. In ka raba shi da uwarsa ba zai yi rai ba, ita ma nonon ɗaukewa zai yi.”

Na ce, “Baffa, da ma wa ya ce da shi zan tafi? Ka taɓa ganin mai dukiya yana kiwo da kansa? Nan zai zauna, ga makiyayina nan. Uwar ma kada a kuskura a kai ta ko'ina, ita ke shayar mini da shi. Ya yi ƙiba ya zama bijimi, ranar da na ga dama in zo in sa a sayar. In ya rame kuwa, Fillo zan kama.”

Dattijon ya daɗe yana kallona. Na san ya gane, ya kuma san na san ya gane. Ya ce, “To, na shaida. Maraƙi na mai gyara ne, bashi ya faɗi.” Ya ɗaga hannu, muka shafa fatiha.

Na juya ina jiran Fillo. Na ba shi ƙofa a buɗe: na zagi saniyarsa, na mai da shi makiyayina gaban yayansa. A da, ko rabin wannan na faɗa sai rugar nan ta yi mini kaɗan. Ya tsaya kansa a sunkuye, yana wasa da sandarsa a ƙasa. Can ya ɗago, idanunsa sun yi ja.

Ya ce, “Na gode, Malam. Allah ya saka da alheri.”

Raina ya ɓaci ƙwarai. Duk wannan wahala, na bar kuɗi, na bar saniya, ga shi abin da na zo nema ban samu ba. Na rasa inda zan sauke fushina, sai na ce, “Kauce mini in duba dukiyata.” Na taka fuu zuwa dangwali, na cafki kunnen maraƙin na ja shi zan duba haƙoransa.

Ko yaron goye a ruga ya san ba a yi wa maraƙi haka a gaban uwarsa, musamman baƙo mai warin fetur. Ni ɗan gari ne, ban sani ba. Maraƙin ya saka kuka. Na ji wani huci a bayana, na waiwaya, sai ga tsohuwar da na ce injinta ya gaji ta sunkuyar da kai ta yo kaina.

Ban san ina da gudu irin wannan ba. Takalmi ɗaya ya fita, hula ta yi nata wuri. Ina ihu, wai har da Barbarcin da ban iya ba aka ce na yi. Na hangi wani amalanke a ajiye ba jaki, na yi tsalle na haye bayansa. Amalanke kuwa ƙafa biyu gare shi, in ba jaki a gaba, ka taka baya sai ya ɗaga. Ya ɗaga, ya juye ni rigingine a inda shanu ke kwana, cikin ɗanyen abin da suka bari da safe.

Kira ɗaya Fillo ya yi wa saniyar ta tsaya cak, ta juya wurin ɗanta kamar ba ita ba.

Ina kwance ina kallon sama, gwiwata na zafi. Sai na ji wani sauti kamar mutum ya shaƙe. Na karkato kai, sai ga Fillo ya dafa sanda, kafaɗunsa na rawa, yana ta kokawa da bakinsa. Ya kasa. Dariyar ta ƙwace masa, ya durƙushe yana buga ƙasa da hannu, hawaye na bin fuskarsa. Dattijon ya rufe baki da gefen rawani. Daga bakin bukka ma na jiyo ta matarsa.

“Wayyo Allah cikina! Jama'a ku zo ku ga mai shanu! Ku zo ku ga mai dukiya!” Ya ja numfashi ya share ido. “Wai shi ne zai sa ni kiwo. Kai bawa, tun kakanka akwai wanda ya taɓa riƙe wutsiyar saniya a gidanku? Ke, uwar yara, kawo ruwa a wanke Babarbaren nan, kada ya koma Magarya haka a ce ba ma kula da bayinmu!”

Bai tsaya nan ba. Ya bi gudun nawa ya kwaikwaya, ya kwaikwayi ihun, ya ɗauko takalmina da bakin sanda yana tambayar ko nawa zan fanshe shi. Duk abin da ya tara a cikinsa tun damina, ranar ya juye mini shi.

Ina da amsoshi a bakina, masu zafi ma, amma ban mayar ko ɗaya ba. Idona ya cika, na bar su su ɗauka zafin faɗuwa ne. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin daɗin zagi irin na ran nan ba. Na yi kwanciyata a wurin ina saurarensa, sai da ya gaji don kansa, sannan na miƙa masa hannu ya ɗaga ni.